Kundin Aikin Gyaran Ƙaramar Tarakta Mai Zafin Inji a Kadawa, Maris zuwa Afrilu 2024

Litinin, 4 ga Maris

An shigo da taraktar gareji da safiyar yau, ruwa na ɗiga daga bututun ambaliyar lagiretonta. Ƙaramar tarakta ce, mallakar wata ƙungiyar manoma da ke noman rani a yankin Kadawa, inda ake shayar da gonaki da ruwan madatsar Tiga. Injinta Kubota D1105 ne, mai silinda uku, girmansa cc 1,123, ƙarfinsa kusan doki 24, kuma aikin da ta fi yi shi ne jan garmar juyi domin gyaran fili kafin dashen shinkafa. Ƙorafin direba shi ne, idan ya kama aiki da sassafe babu abin da yake faruwa, amma da zarar rana ta ɗaga sai allurar gejin zafi ta fara hawa, kafin a yi sa'a guda ta shiga ja, lagireto ya fara tafasa. Abin da ya saba yi shi ne ya tsaya, ya buɗe murfi da tsumma, ya ɗebo ruwa a kanal ya cika, ya ci gaba.

Shugabannin ƙungiya sun zo da shawararsu a shirye: a sayi sabon lagireto a huta. Na roƙe su da su ba mu dama mu auna tukuna, domin zafin inji ba kasafai yake fitowa daga wuri ɗaya ba, kuma sabon lagireto ba zai yi komai ba idan iska ba ta ratsa shi ko ruwa ba ya zagayawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man gas ɗin da inji yake ƙonawa ta cikin ruwa yake fita a matsayin zafi, don haka duk inda hanyar fitar wannan zafi ta ƙuntata, ko da kaɗan ne, aiki mai nauyi zai tona ta.

Aikin yau bai wuce tabbatar da gaskiyar geji ba. Mun yi amfani da na'urar auna zafi ta hannu, irin wadda ake nuna wa ƙarfe daga nesa ta karanta, muka auna mahaɗin tiyon sama a kan inji lokacin da allura ta kusa ja, muka samu digiri 104 a ma'aunin Salshiyos. Gejin bai yi ƙarya ba.

Laraba, 6 ga Maris

Mun fara da hanyar iska, saboda ita ce mafi araha kuma ita ce ta fi lalacewa a irin wannan aiki. Ragar da ake sakawa a gaban lagireto domin tare ƙaiƙayi babu ita, an cire ta tun da daɗewa. Daga gaba lagireton ya yi kama da mai tsabta, domin direba yana kakkaɓe shi da tsintsiya, amma da muka kai taraktar cikin inuwa muka haska tocila ta bayansa, haske bai ratso ba sai a wani ɗan da'ira a tsakiya da kuma gefen sama. Sauran duk a toshe yake. Abin da ya toshe shi ba ƙura zalla ba ce: wani tiyon mai da ke wucewa ta gaba yana tsattsafo, man ya jiƙa siraran faranti na lagireton, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin alkama da guntayen bambaron shinkafa suka manne a kai, suka daskare kamar daɓen ɗaki. Iska kaɗai ba ta iya fitar da wannan. Sai da muka jiƙa shi da ruwan sabulu, muka bar shi ya yi laushi, sannan muka wanke daga ɓangaren inji zuwa waje, wato akasin hanyar da dattin ya shiga. Na hana a kai shi wurin masu wankin mota, saboda ƙarfin ruwan injinsu yana kwantar da farantan, kuma farantin da ya kwanta ya toshe iska ke nan har abada sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya an miƙe.

Fambel ma ya saki. Littafin injin ya ce idan aka danna tsakiyarsa da nauyin kilo 10 ya kamata ya lotsa milimita 7 zuwa 9, amma wannan ya kai kusan ninki biyu, gefensa kuma ya yi sheƙi, alamar ya daɗe yana zamewa. A wannan inji fambel ɗaya ne yake juya fanka da famfon ruwa da janaretan caji, saboda haka zamewarsa tana rage iska da gudun ruwa a lokaci guda. Mun sa sabo. Mun kuma lura cewa soson da ke cike tazarar da ke tsakanin lagireto da bonet ya ruɓe ya zube, abin da yake bai wa iska mai zafi da fanka ta tura baya damar zagayowa ta gefe ta sake shiga ta gaba. Mun yanko soso mai kauri mun manna, an ɗinka sabuwar raga a wurin mai walda, an kuma canza tiyon da ke tsattsafo.

Asabar, 9 ga Maris

Gwaji na farko a gona. An samu sauƙi a fili, domin ta yi aiki har kusan azahar kafin allura ta wuce tsakiya, amma daga nan ta ci gaba da hawa a hankali, kuma ruwa ya fara fita ta bututun ambaliya tun zafi bai kai digiri 100 ba. Wannan ya mayar da hankalinmu kan murfin lagireto. An buga 0.9 a kansa, ma'ana ya riƙe matsin kilo 0.9 a kan kowane murabba'in santimita kafin ya saki. Amfanin wannan matsi shi ne ɗaga matakin tafasar ruwa: a tsayin ƙasar Kano ruwa zalla yana tafasa a wajen digiri 98, amma a ƙarƙashin matsin murfi mai lafiya sai ya kusa digiri 118. Da muka ɗora murfin a famfon gwaji, ya kamata matsin ya ɗauki aƙalla daƙiƙa 10 kafin ya sauka daga 0.9 zuwa 0.6. Bai ma kai 0.9 ɗin ba, domin robarsa ta tsage. Murfin da ba ya riƙe matsi yana barin ruwa ya tafasa a wuraren da suka fi zafi a cikin kan inji, tururi ya kori ruwa waje, ruwa ya ragu, zafi ya ƙaru, a haka har a kai ga tafasa gaba ɗaya. An sa sabon murfi mai lamba iri ɗaya.

Talata, 12 ga Maris

An ɗauki azumi jiya, saboda haka mun mayar da duk wani gwajin gona zuwa safiya. Yau mun buɗe gidan tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga shiga lagireto har sai inji ya ɗauki zafi, muka tarar da shi wayam. Direba ya ce wani bakanike ne ya cire shi bara, yana cewa kayan ƙasashen sanyi ne, ba shi da amfani a nan. Wannan magana ta yaɗu a garejoji da yawa, kuma ina ganin tana cikin abubuwan da suke kashe ƙananan injuna a hankali. Tamostat mai lafiya, idan ya buɗe gaba ɗaya, ba ya hana ruwa wucewa, don haka cire shi ba ya ƙara wa lagireto ikon sanyaya komai. Abin da cirewar take yi shi ne ta bar inji yana aiki da sanyi da sassafe, musamman a watannin Disamba da Janairu, man gas ba ya ƙonewa sosai, baƙin hayaƙi yana taruwa a kan fistin da bakin nozul, wato abin da ke fesa man gas a cikin inji, baƙin mai kuma yana saurin lalacewa. Akwai ma injunan da tamostat ɗinsu shi ne yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake bi ya koma famfo ba tare da ya shiga lagireto ba, kuma a irinsu cire shi yana ƙara zafi ne kai tsaye.

An sayo sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai lamba 71 a jikinsa. Kafin mu ɗaura, mun rataye shi da waya a cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ba tare da ya taɓa gindin tukunyar ba, muna duba ma'auni. Ya fara buɗewa a wajen digiri 71, ya buɗe sosai a 85, daidai da abin da littafi ya tanada.

Asabar, 16 ga Maris

Har yanzu da saura. Ruwa ya daina zuba da wuri, amma a aiki mai nauyi zafi yana kaiwa digiri 101. Mun tsayar da ita tana cikin zafinta muka auna tiyon sama da na ƙasa, muka samu bambancin digiri 19. A inji mai lafiya da ke ɗauke da kaya, bambancin bai cika wuce digiri 5 zuwa 10 ba. Wannan awo yana da amfani ƙwarai wajen raba matsalar iska da ta ruwa: idan inji yana zafi amma bambancin ƙarami ne, ruwa yana gudu amma ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi, idan kuwa bambancin ya yi yawa, ɗan ruwan da yake wucewa yana sanyi sosai amma bai isa ya kwashe zafin inji ba. Namu na biyun ne. Da muka kashe inji muka bi fuskar lagireton da na'ura daga hagu zuwa dama, sai muka ga layuka masu zafi da layuka masu sanyi a jere, kuma masu sanyin su ne bututun da ruwa ba ya bi. An kwance shi za a kai Kano.

Laraba, 20 ga Maris

Sa'ar da aka yi ita ce lagireton na jan ƙarfe ne da tagulla, wanda aka haɗa da dalma, ba irin na alminiyon da tankin roba ba, don haka ana iya buɗe shi. Na tsaya a kan mai gyaran lokacin da ya narke dalmar ya ɗaga tankin sama. Bakunan bututun suna jere a fili, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu a liƙe suke da wata jar laka mai tauri, wasu kuma farin ɓawo ya rage musu faɗi har tsinke ba ya shiga. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai faɗi da ya gyara daga ma'aunin baƙin mai na tsohuwar mota, yana zura shi a kowane bututu yana juyawa a hankali, yaronsa yana zuba ruwa ta ƙasa, jan ruwa yana bulbulowa. Biyu daga cikin bututun sun riga sun ci, sai ya toshe su da dalma sama da ƙasa, wanda ba wata asara ba ce idan aka kwatanta da waɗanda aka buɗe. Da ya ga lakar ya ce mini, “Ranka ya daɗe, wannan ai gona kuka yi a ciki.” Jar lakar haɗin tsatsar cikin inji ce da ƙasar ruwan kanal, farin ɓawon kuwa gishirin da ke cikin ruwa ne da yake zama a jikin ƙarfe duk lokacin da ruwa ya tafasa ya ƙone aka ƙara wani. Kowane cikawa da direba ya yi a bakin kanal ya ƙara wa wannan tari.

Tunda lagireto yana ƙasa, mun cire famfon ruwa mun duba. Fuka-fukansa suna nan da kaurinsu, ba su zame a kan sandarsu ba, boris ba ya girgiza, ramin tsiyayarsa kuma a bushe yake, saboda haka mun mayar da shi da sabon gasket. Mun buɗe mazubin da ke gefen inji, wanda sai da aka tsokane shi da waya kafin ruwa ya fito, muka yi ta ɗauraye cikin inji har ruwan ya fito garau. Tiyon ƙasa ya yi laushi, kuma irinsa yana iya matsewa idan famfo ya ja da ƙarfi, don haka an canza shi. A yanzu ruwa mai tsabta kawai muka zuba, ba za mu sa maganin lagireto ba sai mun tabbata ba za a sake zubar da shi ba.

Talata, 26 ga Maris

Zafi ya sauka sosai. A gwajin jiya da na yau bai wuce digiri 92 ba, bambancin tiyon sama da na ƙasa kuma ya dawo 8. Amma ruwa yana raguwa kusan kofi guda a kowane yini ba tare da ɗigo a ƙasa ba, kuma tiyon sama yana yin tauri jim kaɗan bayan tayar da inji, tun ruwa bai ɗumama ba. Ruwan sanyi ba ya haifar da matsi, saboda haka wani abu ne daban yake hura hanyar ruwan. Mun zura bakin bututun ambaliya a cikin kwalbar ruwa, muka ɗaure bakin lagireto yadda iska ba za ta fita ta wani wuri ba, muka taka mai. Kumfa ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙaruwa da ƙaruwar gudun inji, ba ta kuma tsaya ba bayan lokacin da iskar da ta maƙale wajen cikawa ya kamata ta ƙare.

Mun auna matsin silinda. Na ɗaya ya ba da kilo 34 a kan kowane murabba'in santimita, na uku 33, na tsakiya 27. Duka suna sama da 23, wanda shi ne iyakar da littafi ya yarda da ita, amma bambanci tsakanin silinda bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba, na tsakiya kuwa ya wuce haka. Baƙin mai bai yi fari ba, ke nan ruwa bai shiga cikinsa ba. Na sanar da ƙungiya cewa sai an buɗe kan inji.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Da aka ɗaga kan inji ba a sha wahalar nema ba. Saman fistin na ɗaya da na uku baƙi ne wuluk, na tsakiya kuwa ya yi fes, domin tururin ruwan da yake shiga yana wanke shi. A jikin gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, akwai wata siririyar baƙar hanya da ta taso daga zoben silinda ta tsakiya zuwa ramin ruwa mafi kusa. A ganina wannan ba shi ne asalin ciwon ba, sakamakonsa ne: injin da ya sha tafasa, ana kwarara masa ruwan sanyi yana cikin zafi, dole ƙarfen kansa ya yi ta buɗewa da tsukewa har gasket ya saki. Da an fara da canza gasket a ranar farko aka bar lagireto a toshe, da sabon ma bai kai damina ba.

Babban abin tsoro shi ne tsagewar kan injin, musamman tsakanin mazaunin bawul da bakin ƙaramin ɗakin ƙonewa, inda irin waɗannan injuna suka fi tsagewa idan sun sha zafi. An wanke shi, aka fesa jan ruwan gano tsaga, aka goge, aka fesa farin, ba a ga komai ba. Mun ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa ta tsawo da faɗi da kusurwa muna zura ma'aunin tazara, mafi yawan gantsarewar da muka samu milimita 0.03 ce, iyaka kuwa 0.05, don haka ba sai an kai shi an kankare ba. Mun share ramukan noti, muka sa sabon gasket, muka shafa wa notocin mai, muka ɗaure daga tsakiya zuwa waje a matakai da sifana mai awo har zuwa kilo-mita 6.5 zuwa 7. Na nace a kan sifana mai awo, domin ɗaurin ƙarfin hannu da ake yi da dogon bututu shi ne yake sa wani gefe ya matse wani ya saki. Tazarar bawul an saita ta tsakanin milimita 0.145 da 0.185 inji yana sanyi.

Nozul ukun ma an kai su gwaji. Ya kamata su buɗe a matsin kilo 140 zuwa 150 a kan kowane murabba'in santimita, biyu suna kusa da haka, ɗaya kuwa yana buɗewa da wuri kuma yana tsiyayar da mai maimakon fesawa, sai aka canza bakinsa. Matatar iska ta cika da ƙura har takardarta ta yi nauyi a hannu, ita ma an sa sabuwa. Daga nan muka zuba maganin lagireto da tataccen ruwa rabi da rabi. Ba don tsoron ƙanƙara ba, wadda babu ita a nan, sai don sinadaran hana tsatsa da ke cikinsa, ga shi kuma yana ɗaga matakin tafasa da 'yan digiri.

Litinin, 15 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah, zafin bazara ya kankama, da rana ana kaiwa digiri 40 a inuwa. Kumfa ta ɓace, ruwa bai ragu ba. Sai dai yau da na bi taraktar a ƙafa cikin wata gona mai ƙasar yumɓu, na ga allura ta fara ɗagawa, salansa kuma yana fitar da baƙin hayaƙi, ƙarar injin ta yi ƙasa-ƙasa. Na tsayar da direba na tambaye shi dalilin da ya sa yake aiki da rabin totur a babbar giya, garma kuma a nutse har ƙarshe. Ya ce, “Oga, mai nake tattalawa, gas ya yi tsada.” Niyyarsa mai kyau ce, amma lissafin bai fita ba. Idan kaya ya danne injin gas gudunsa ya faɗi, gwamnan famfon mai, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, yana buɗe mai har iyaka domin ya riƙe gudun, a daidai lokacin da fanka da famfon ruwa, waɗanda gudun inji ne yake juya su, suka rage aiki. Wuta ta ƙaru ke nan, sanyaya ta ragu, baƙin hayaƙin kuma man da bai ƙone ba ne yake tafiya a banza. Garmar juyi an yi ta ne domin sandar baya, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa garma, ta juya ta sau 540 a minti, kuma akwai alamar wannan gudu a kan agogon tarakta. Muka ɗaga totur zuwa alamar, muka sauko da giya ɗaya, muka rage zurfin garma domin a bi ƙasa mai tauri sau biyu. Hayaƙi ya washe nan take, zafi ya sauko daga digiri 96 ya tsaya a 89 har aka gama filin.

Na kuma nuna masa abin da zai yi idan allura ta sake hawa: ya ɗaga garma, ya cire sandar baya, ya bar inji yana juyawa ba kaya na 'yan mintuna kafin ya kashe, muddin ba ruwa ne ya zube ko fambel ya tsinke ba, kuma kada ya buɗe murfi sai tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannu.

Asabar, 27 ga Afrilu

Taraktar ta yi kusan sa'o'i 50 na aiki tun bayan rufe kan inji, mafi yawansu a tsakiyar zafi, kuma tun bayan ranar 15 ga wata mafi girman abin da aka auna digiri 93 ne, a wata gona da ba a kwashe bambaro ba, inda raga ta cika kafin azahar. Da aka zare ta aka kakkaɓe sai zafi ya koma 88. An juye baƙin mai an canza matatarsa, an sake duba tazarar bawul, an ƙara ɗaure fambel wanda ya ɗan saki kamar yadda sabo yake yi. Ruwan lagireto yana nan a kan alamarsa da launinsa. An ajiye galan ɗaya na haɗaɗɗen ruwa a bayan kujera domin kada a koma ɗiban na kanal, kuma kakkaɓe raga ya shiga cikin aikin safe da na bayan azahar.

Abubuwa biyu suka rage. Tankin ajiyar ruwa na roba ya tsage a wuya, an ɗaure shi na wucin gadi har a samo wani. Sannan ina so a ƙara ƙararrawar gargaɗin zafi, domin direban da ke waiwaye yana duban garma ba ya ganin allura sai ta yi nisa. Ƙungiya ta amince da kuɗin, za a ɗaura a makon farko na Mayu kafin a shiga gyaran gonakin damina.